Wanzamin da Ya Ara wa Mai Kisa Bakinsa

"To in ba haka ba, mi zai hana Ɗanlami zama?" in ji Baba Gambo, yana goga aska a kan fatar da ya shimfiɗa a gwiwarsa. "Shekara goma sha ɗaya ina yi mai aski. Ɗazu ya wuce ta nan, kai ma ka gan shi, suma ta rufe mai kunne, ya ɗaga min hannu daga nesa awa mai tsai da mota."

Na ce wataƙila sauri yake yi.

"Sauri," in ji shi. "Makon ga kowa sauri gare shi."

Muna zaune ne a rumfarsa ta kasuwar Tsafe, kusa da 'yan hatsi, a kakar shekarar 1998. Kasuwa ta cika har ba wurin ajiye ƙafa, amma tabarmar da masu jiran aski kan zauna babu kowa a kanta sai ni, ni kuwa ba aski ya kawo ni ba. Daga Gusau na taso saboda wani labari da na ji a tasha, kuma littafin da ya jawo labarin nawa ne.

Ya gwada kaifin askar a gashin hannunsa, ya mayar da ita cikin zabira, sannan ya faɗi abin da ya fi damunsa. An haihu a gidan Inno da ke Nahuce kwana huɗu da suka wuce. Ɗan autanta Usman ne ya sami ɗa namiji. Tun zamanin mahaifin Baba Gambo, babu jaririn da aka haifa a gidan nan da wata aska ta taɓa kansa in ba tasu ba. Yadda aka saba, ran da aka haihu akan aiko wa wanzamin gida da goro don ya san ranar suna. Goro bai zo ba, kuma saura kwana uku.

"Ɗanlami in ya ga dama ya bar suma ta kai mai ƙugu," ya ce, sannan ya kira sunana. "Amma gidan Inno, Sahabi. In gidan Inno ya sake ni, to zabirar Jatau ta ƙare a hannuna."

Jatau shi ne mahaifinsa, wanzamin Kucheri. A can aka haifi Baba Gambo, bayan tagwaye mata waɗanda ba su rayu ba. Yana ɗan shekara tara aka fara ba shi ƙwarya da aska marar kaifi ya riƙa kankare bayanta, sai da ya shekara biyu yana askin ƙwarya kafin a bar shi ya taɓa kan mutum. A lokacin dangin Inno suna kiwo a bayan Kucheri, suna ɗan noma gero. Da suka tashi suka koma Nahuce suka zauna, sun bar abubuwa da yawa a baya, amma ba su bar wanzaminsu ba. Jatau yakan yi tafiyar kwana biyu a ƙasa don askin suna ɗaya. Da ya rasu, Gambo ya gaji zabira da hanyar. Yana noma gonarsa da damina, sauran shekara yana bin kasuwanni: Tsafe, Bungudu, wani lokaci Gusau a gindin wata bishiyar bedi kusa da tasha.

A gindin bedin nan na san shi. Ni ina da ɗan tebur a wurin, ina ba da hayar littattafan Hausa da ake kawowa daga Kano. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina son littafi, kuma ina son in ji abin da mutane za su ce idan sun dawo da shi. Baba Gambo kuwa bai shiga aji ba sai da ya haura talatin, a ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe a zauren mai unguwarsu. Ya iya karatu, amma a hankali, da yatsa a kan layi, yana motsa leɓe. Kunyar a ji shi yana tuntuɓe a gaban mutane ta sa ya samo wata dabara. Yakan karanta shafi biyar ko shida a gida, ya maimaita har su zauna masa, sannan ya tura littafin ƙasan zabira. Idan ya zo kasuwa ya kama kan mutum yana aski, sai ya zuba labarin da ka, ba tare da ya duba komai ba.

Kuma ba ya zuba shi da Hausar da aka rubuta shi. Yakan ce Hausar Kano tana yi masa santsi a baki. Sai ya mayar da ita irin tamu ta gida, ya ce "munka" inda aka rubuta "muka", ya ce "shina" inda aka rubuta "yana", rafi ya koma gulbi. Shekara uku yana haka da littattafan soyayya da na jarumta, kuma rumfarsa ba ta rabuwa da mutane. Akwai waɗanda sukan zo aski kansu bai ko yi baƙi ba, don kawai su ji ko yarinyar ta amsa wasiƙa.

Sai wannan littafi ya shigo teburina. Ba shi da kauri sosai. Matar da ta fara karɓarsa ta yage bangon ta jefa a murhu, ta ce hoton da ke jiki yana kallonta. Da bangon ya tafi, sunan littafin da na marubucin suka bi shi, kowa ya koma ce masa littafin mai awo. Labarin wani mai awon hatsi ne a wani gari da ba a faɗi sunansa ba, mutum mai fara'a, mai cika mudu har ya zuba, wanda ya kashe mutum bakwai cikin shekara goma sha biyu. Dukansu mutanen da suka amince da shi ne. Shi ne kan fara zuwa gidan mutuwa, shi ne kan ɗauki gaban makara. Abin da ya bambanta littafin da duk waɗanda na taɓa riƙewa shi ne, mai awon da kansa yake ba da labarin. Daga shafin farko zuwa na ƙarshe babu "ya tafi", babu "ya ce", sai "na tafi", "na ce".

Na saurari masu dawo da shi ɗaya bayan ɗaya. Shafa'atu mai ɗinki ta ce kwana biyu ba ta iya amsa gaisuwar mai awon unguwarsu da sakin fuska ba, bawan Allah bai san laifinsa ba. Wani malamin firamare ya ajiye shi a kan tebur da yatsa biyu, ya ce bai kamata a rubuta irin wannan ba, sannan ya tambaye ni ko marubucin yana da wani. Wani direba ya ce shi abin da ya ba shi haushi, ya kai tsakiyar littafin ya tarar yana fatan kada a kama mutumin, sai da ya rufe ya yi istigfari. Amma duk waɗannan da idonsu suka karanta. Idan abin ya yi musu nauyi sai su kife shi a kan katifa su fita tsakar gida su sha iska.

Ni na miƙa wa Baba Gambo shi da hannuna. Na ce masa wannan daban ne, mutanensa za su so shi. Ban yi tunanin komai ba bayan haka.

Ranar da ya fara zuba shi a Gusau ina wurin. Wani dattijo yana zaune a gabansa, an jiƙa masa kai, ya ɗaga haɓa ya rufe ido. Baba Gambo ya ɗora yatsa biyu a goshinsa ya karkata shi, ya sa aska a gefen wuya, ya fara magana da muryarsa ta kullum, wadda yake tambayar mutum lafiyar iyali da ita.

"Sai nir raka shi har bakin gulbi. Shina ba ni labarin gonatai, ni ko ina kallon jijiyar wuyanai tana motsi. Ban ƙi shi ba. Ina son ku gane wanga, ban taɓa ƙin ko guda cikinsu ba."

Na karanta wannan wurin da idona kafin ranar, na san kowace kalma. Duk da haka sai na ji tsikar jikina ta tashi. A takarda wani mutum ne can nesa, mai Hausar rediyo. A bakin Baba Gambo ya zama ɗan garinmu, wanda muka yi sallar azahar sahu ɗaya da shi. Bai ɗaga murya ba, bai zare ido ba. Yana faɗa yana share askar a tafin hannunsa yana komawa. Mutum goma sha wani abu ne a wurin, babu wanda ya yi tari. Mai shayin da ke gefe ya bar ruwa yana zuba daga buta bai sani ba. Da aka gama, dattijon ya shafa wuyansa sau biyu kafin ya tashi.

Makonni biyu na farko mutane ƙaruwa suka yi. Ana tsayawa a bayan rumfa ana miƙa wuya. Amma na lura masu sauraro suna yawa, masu zama a gabansa suna raguwa. Sannan a Tsafe wani mai sayar da igiya daga wajen Magami, wanda bai san al'adar rumfar ba, ya iso tsakiyar labari. Ya ga wanzami da aska a hannu, babu littafi ko takarda a kusa, yana faɗa wa jama'a da Hausar gida yadda ya danne mutum na huɗu a cikin rumbu. Bai tsaya tambaya ba. Ya tattara igiyarsa ya shiga mota, ya ba mutanen motar labari. Kafin mako ya zagayo, labarin ya bi titi ya ratsa Gusau ya kai Bungudu. Ni a tasha na ji shi daga bakin wani kwandasta, wanda ya rantse mini cewa wanzamin Tsafe ya tona kansa, mutum bakwai, kuma dukansu da aska ya kashe su.

Abin da ya kawo ni rumfarsa ke nan ranar da muke wannan hira. Na ba shi haƙuri, na ce zan bi kasuwannin da littafin a hannu in nuna wa kowa. Ya girgiza kai. Ya ce masu cewa ya yi kisa ba su dame shi ba, baƙi ne, za su gaji. Waɗanda suka dame shi su ne irin su Ɗanlami, waɗanda suka san sarai littafi ne, suka ma san ni na ba shi. Ɗaya daga cikinsu ya faɗa masa gaskiya a bayan masallaci: ya san ƙarya ce, amma da zarar ya rufe ido ya ji sanyin aska, muryar ce take dawo masa.

Ya juya yana kallon masu auna dawa a rumfar da ke gabanmu. Sannan ya ci gaba.

"Ka san abin da ya ba ni tsoro, ɗana? Ban sha wuya ba wurin samo muryatai. Shekara arba'in mutane na zama gabana su rufe ido su miƙo min maƙogwaro. Wasu har barci sukai. Babu wanda ya taɓa tambayata mi ke cikin raina. Mutumin ga na littafi, abin da anka ba ni shi anka ba shi. Na san wurin da yake tsaye, nan nike tsaye kullum. Jijiyar ga da yake kallo, ni ma ina kallonta, don in kauce mata."

Na karanta littafin sau biyu, na ji bakin mutum fiye da ashirin a kansa, babu wanda ya kai inda wannan mutum mai karatu da yatsa ya kai.

Daga ƙarshe ya ce zai je Nahuce ranar suna ko ba a kira shi ba. Zai je barka, ba aiki ba. Na ce zan raka shi, in riƙe littafin. Ya ce in na ga dama.

Mun isa da hantsi, an riga an raɗa suna, an sa wa yaro Abdulaziz. Ƙofar gidan cike take da maza a kan tabarmi, ana rabon goro, ana feɗe rago a gefe, shanu suna bayan danga. Da aka hango Baba Gambo da zabira a kafaɗa, don ba ya zuwa ko'ina ba tare da ita ba, sai hira ta ragu. Aka amsa sallamarsa, aka matsa masa wuri, wurin ya ɗan fi faɗin da mutum ɗaya yake bukata.

Usman ya taso ya durƙusa ya gaishe shi, kansa a ƙasa. Dogon mutum ne mai sanyin magana. Ya ce ya aika Bungudu a kira wani wanzami, yana hanya. Ya ce a yafe masa. Baba Gambo ya ce babu komai, Allah ya raya, ya sa masa albarka.

Muna nan sai aka ce Inno tana kira a zaure. Tsohuwa ce ƙarama, ta haura saba'in, tana zaune a kan buzu da sanda a gefenta. Maza da yawa suka biyo mu suka tsaya a bakin ƙofa, mata kuma suna leƙe ta ƙofar ciki.

"Gambo ɗan Jatau," ta ce, "an ce min ka kashe mutum bakwai."

"Haka anka ce, Inno."

"Kai da ɗan maraƙinmu ya kora ka hau tsamiya kana kiran uwarka? Yaushe ka yi wannan zuciyar ban sani ba?"

Aka yi dariya kaɗan, irin wadda ake yi ana duban juna. Usman bai yi ba. Ya ce wa mahaifiyarsa shi bai taɓa yarda da maganar kisa ba. Ya san littafi ne, domin a kansa aka zuba wani sashe a kasuwar Bungudu, yana zaune ana yi masa gyaran fuska. Amma tun ranar da aka haifi yaron nan, duk lokacin da ya dubi maɗigarsa tana bugawa, wurin nan mai taushi a tsakiyar kai, sai ya tuna muryar da hannun tare. Ya ce ya yi ƙoƙari, abin ya ƙi fita.

Inno ta tambaya ina littafin. Na matsa na miƙa mata da hannu biyu. Ta juya shi, ta auna nauyinsa a tafinta, ta ce ashe ɗan wannan abin ne. Sannan ta tura wa Baba Gambo, ta ce ya karanta mata yadda yake a rubuce, kada ya ƙara kada ya rage.

Abin da ya shekara ashirin yana ɓoyewa ke nan. Ya buɗe, ya sa yatsa, ya fara. "Na... ra-ka shi... har ba-kin rafi. Yana ba ni... labarin go-nar-sa." Yana tsayawa, yana komawa baya, Hausar Kano tana fita daga bakinsa kamar ya ari rigar da ta yi masa kaɗan. Kafin ya kai ƙarshen shafi wani daga bakin ƙofa ya ce, "Ashe mutumin Bakano ne," sai zaure ya fashe da dariya, har matan ciki. Wani ya ce shi dama ya san ɗan Zamfara ba zai cika mudu har ya zuba ba tare da dalili ba.

Na ɗauka an gama. Amma Inno tana kallon ɗanta, kuma fuskar Usman ba ta sake ba. Ta ɗaga sanda, aka yi shiru. Ta ce wannan ba shi ne abin da ya hana ɗanta sukuni ba. Ta ce Gambo ya rufe littafin ya faɗa mata yadda ya faɗa wa Usman. Ya roƙe ta ta bar shi, ya ce ranar farin ciki ce. Ta ce ita ta ga ranakun farin ciki da yawa, ba sa fashewa don an yi magana. Sannan ta tambaya yadda mutumin ya ƙare. Sai a lokacin muka gane cewa duk cikin masu sauraronsa babu wanda ya ji ƙarshen, an watse kafin ya kai.

Ya rufe littafin ya ajiye a kan buzu. Ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Da ya buɗe baki, dariyar da ta rage a zauren ta mutu. Ya faɗi yadda ya dawo daga jana'izar mutum na bakwai da ƙasar kabari a ƙafarsa, yadda matar mamacin ta yi masa godiya, yadda ya ci tuwo ya ƙoshi. "Nis shiga gida, niw wanke ƙafa, niz zauna gindin ɗorawa," yake cewa, a hankali, kamar mai ba da labarin cin kasuwa. Na dubi mutanen da ke bakin ƙofa. Wanda ya yi barkwancin Bakano ya riƙe goro a hannu ya manta da shi. Wata mata ta ja 'yarta ta mayar bayanta.

Sai ya zo wurin da 'yar mai awon, yarinya 'yar shekara uku, ta zo ta hau cinyarsa ta yi barci, kanta ya karkata, wuyanta a buɗe. Ya faɗi yadda mutumin ya tsinci idonsa a kan jijiyar wuyan 'yarsa, yadda ya daɗe yana kallo, yadda ya gane cewa abin da ke cikinsa bai san bambancin kowa ba. Ya ɗauke ta ya miƙa wa uwarta, ya sa takalmi, ya tafi da ƙafarsa ya faɗa wa hukuma komai. Nan littafin ya tsaya.

Babu wanda ya yi motsi. Ana jin ƙarar wuƙar masu fiɗa daga waje.

"Usmanu," in ji Inno, "ka ji abin da na ji?"

Ya ce ya ji labarin.

"Ba labarin ba. Tun daga kabari yake cewa ni, ni, ni. Da yarinya ta hau cinya, sai ya koma cewa shi. Ya ɗauke ta, ya miƙa ta, ya tafi." Ta juyo wurina. "Kai mai littafi, haka yake a rubuce?"

Na buɗe shafin ƙarshe, na duba. A rubuce "na ɗauke ta" ne, "na miƙa ta", har layin ƙarshe. Na faɗa mata. Baba Gambo ya dube ni, ya karɓi littafin ya bi layin da yatsa, leɓensa yana motsi. Ya ɗago a hankali. Ya ce wallahi bai san ya sauya ba.

"Na sani ba ka sani ba," ta ce. "Ka ara mai bakinka ya kashe manya bakwai. Da ya zo kan yaro, bakin ya ƙi."

Ba ta ba da umarni ba. Ta bar ɗanta da abin da ya ji. Usman ya daɗe a durƙushe yana kallon ƙasa. Sannan ya tashi ya shiga cikin gida. Da ya fito, jaririn yana hannunsa a naɗe cikin farin zane. Ya miƙa wa Inno, ya koma ya ɗebo ruwan ɗumi a ƙoƙo da kansa ya ajiye a gaban Baba Gambo. Ya ce wa wani ɗan'uwansa ya tari wanzamin Bungudu a hanya, ya ba shi haƙuri da cinyar rago.

Na sha ganin Baba Gambo yana aski, amma ban taɓa ganin askin suna a kusa ba sai ranar. Ya wanke hannu har gwiwar hannu. Ya zaro wata ƙaramar aska da ban san da ita ba, mai ƙotar da ta sha hannu har ta yi sulɓi, ya yi bisimilla. Bai yi magana ba ko kalma ɗaya, shi da ba ya iya aski bakinsa a rufe. Ya jiƙa gashin da yatsa, ya tallafi ƙeyar yaron a tafinsa, ya fara daga gefen kunne. Gashin yana sauka a kan zanen Inno kamar baƙar auduga. Da ya zo maɗiga sai ya dakata, ya sa babban yatsa a gefenta yana jin bugunta, ya jira yaron ya sauke numfashi, sannan ya wuce da askar a kwance, sau ɗaya, ban ma ga ta taɓa fata ba. Abdulaziz ya yamutsa fuska, ya yi hamma, ya ci gaba da barcinsa. Usman yana tsaye a kansu tun daga farko har ƙarshe, sai da aka share kan da tsumma na ji ya saki numfashi.

Mata suka yi guɗa daga ciki. Inno ta tattara gashin a cikin ƙyalle ta ƙulle. Ta ce wa Baba Gambo hannunsa ya fi na Jatau sauƙi, amma Jatau ya fi shi hankali, don shi bai taɓa ɗauko Bakano ya kawo mata zaure ba. Ya ce ya ji, ya gode.

Da muka fito aka kawo mana fura da nono. Mutane suka matso, wurin da aka bar masa ɗazu ya cike. Wasu suna tambayata ko akwai sauran irin littafin, wasu suna gardama ko mai awon tuba ya yi ko tsoron kansa ne ya kai shi. Babu dai wanda ya cire hula ya ce a yi masa aski, kuma na ga Baba Gambo ya lura. Ya sha furarsa, ya wanke ƙaramar askar ya shanya ta a gwiwa har ta bushe.

Muna nan wani mutum ya zo ya tsuguna, ya ce mahaifinsa yana gidan da ke bayan rijiya, bayansa ya riƙe tun girbi, yana tambaya ko wanzami ya zo da ƙaho. Baba Gambo ya ce ya zo da shi. Ya shanye sauran furar, ya ce mini in jira shi a bakin titi in na ga mota kada in bar ta ta wuce. Ya rataya zabira, ya sa takalmi, ya bi mutumin ta tsakanin dangar karan dawa, yana tambayarsa wane gefen bayan ne ya fi ciwo.